Inna da Jikokinta a Bakin Teku

A shekarar da na haifi ɗana na uku, mahaifiyata ce ta zo Libreville ta yi mini zaman jego. Haihuwar fari a gida na yi ta, can ƙauyenmu da ke kudu da Kano. A ta biyu matan unguwa ne suka rufa mini asiri. Wannan karon kuwa maigidana ya dage sai Inna ta zo, ta ga inda 'yarta take zaune, ta kuma ga jikokinta, tunda rabonta da babbar tun tana cikin tsumma, namijin kuma a waya kaɗai ta san shi.

Ta sauka a cikin watan Agusta, lokacin da garin yake cikin raninsa. Ranin can ba irin namu ba ne. Sama takan wuni a lulluɓe, ga ɗan sanyi-sanyi, ba rana mai ƙarfi, ba kuma ruwa. Inna takan fito tsakar gida da safe ta ɗaga kai ta ce, "Wannan gari naku, kullum hadari, ruwa shiru. Sai ka ce mai alkawarin ƙarya." Da ta ji ma'anar sunan unguwarmu, Derrière la Prison, sai ta riƙe haɓa. "Duk faɗin garin nan ba ku sami wurin zama ba sai bayan gidan yari?"

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "'yar nan". Babbar 'yata tana wajen shekara shida a lokacin, kuma sunan Inna ta ci, shi ya sa muke ce mata Mamana, Inna kuma take kiranta Takwara. Su biyun nan da nan suka saba, ko da yake Hausar yarinyar rabi da rabi ce, duk inda ta maƙale sai ta cike da Faransanci. Namijin ne matsalar. Bai cika huɗu ba, kuma tun ranar da aka dawo da ni daga asibiti da jariri a hannu ya ɗauke wuta. Ya daina surutu, ya daina wasa a tsakar gida, sai dai a same shi a lungun da ke tsakanin firiji da bango yana tsotsar yatsa. In Inna ta ce, "Angona, zo mana," sai ya juya mata ƙeya. Ta ba shi ƙuli-ƙulin da ta zo da shi, ya ƙi karɓa. Abin yana damuna, amma ita ko a jikinta.

"Ƙyale shi," in ji ta. "An ƙwace masa cinya, dole ya yi fushi. Ke ma haka kika yi."

Na yi arba'in a ƙarshen Satumba. Tun kafin ranar na lura hankalin Inna ya fara komawa gida. Tana da gayaunarta ta gyaɗa da kuɓewa, kuma a can kaka ta fara shigowa. Tana tsinke zogale ko tana yi wa jariri wanka sai ka ji ta ce, "Yanzu fa an fara yankan gero." Ko kuma, "Gyaɗar nan in ba a tuge ta da wuri ba, ƙasa ta bushe, rabi a ciki za a bari." Maigidana ya zauna daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi a gabanta, ya roƙe ta ta ƙara 'yan makonni har a buɗe makarantu.

"Inna, tun da kika zo ba inda kika sani sai ɗakin nan da tukunyar ruwan zafi. A ce kin koma ba ki ga gari ba?"

"Malam, gari ai mutane ne, kuma na gan ku."

Amma ta yarda. Ƙanena da ke gida ya yi alkawarin zai kula da gyaɗar.

Shagon maigidana a unguwar Sotega yake, kuma ranar Lahadi kaɗai yake rufewa bayan azahar. Lahadin farko bayan arba'in muka tare taksi mu duka muka nufi bakin ruwa. Inna tana baya da jariri a cinya, tana kallon gidaje tana lissafo abin da bai yi mata ba. Da motar ta gangaro babban titi, ruwan ya bayyana a gabanmu, sai maganarta ta yanke. Muka sauka. Ta miƙo mini jaririn, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta yi 'yan taku a kan yashi ta tsaya.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ina ƙarshensa?"

Maigidana ya nuna mata wani siririn layin bishiyoyi can nesa, ya ce wancan tsallake ne, ainihin tekun ma yana bayansa, wannan bakinsa ne kawai. Ta dube shi, ta sake duban ruwan, ta girgiza kai.

Akwai manyan gungumen katako da ruwa yake kawowa ya yasar a bakin gaɓa, wasu sun fi mutum kauri nesa ba kusa ba. A kan ɗaya muka zauna. Inna ta bubbuga shi da tafin hannu ta ce wannan shi kaɗai zai yi wa gidanmu girkin shekara, ga shi an bar shi yana ruɓewa. A bayanmu akwai wasu bishiyoyi masu faffaɗan ganye da ake kira badam, 'ya'yansu sun zubo ko'ina. Yaran garin sukan fasa ƙwallon su ci ɗan siririn abin da ke ciki, mai ɗanɗano kamar ɗanyar gyaɗa. Mamana ta tsinto busassu ta sami dutse ta hau duka. In ta buga sau da yawa sai ƙwallon ya dagargaje har da na cikin. Ƙanenta ya tsuguna a gefe yana gwadawa da wani ɗan dutse, nasa ko alamar tsagewa bai yi ba.

Inna ta ɗan kalle su, sannan ta sauko ta zauna dirshan a kan yashi. Ta karɓi dutsen, ta jujjuya ƙwallo ɗaya a hannu, ta kafa shi a gefensa a jikin gungumen, ta ba shi ƙwas. Ya rabe biyu, ɗan cikin ya fito lafiya lau. Ba ta dubi yaron ba. Ta ɗora a tafin hannunta ta miƙa gefe, idonta yana kan ruwa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ɗauka ya jefa a baki. Can sai ga shi ya tashi, ya tsinto wani ya ajiye a kan zanenta. Ya koma ya kawo wani. Kafin a jima ya tara mata tuli.

"Ankor," ya ce.

"Me ya ce, Takwara?"

"Wai ki ƙara."

"To, Ango, ka ce ƙara."

Ya hau murza yashi da ƙafa. Ta ajiye dutsen ta naɗe hannu.

"Kaya," ya ce da gwarancinsa.

"An karɓa," in ji Inna, ta ɗauki dutsen.

Da la'asar ta yi, ta tambayi maigidana ko ruwan nan yana alwala. Ya ce malamai sun ce yana yi. Ta tattare zane ta matsa bakin ruwan a hankali kamar mai tsoron kada ta tashe shi daga barci. Ta ɗebo ta kurkure baki, nan take ta tofar tana yamutsa fuska. "Wane marar hankali ne ya zuba gishiri haka?" Tana cikin wanke ƙafa wata igiyar ruwa ta taho ta jiƙa ta har gwiwa, ta ja baya da gudu tana salati. Sai muka ji dariya. Yaron ne, ya riƙe ciki har yana faɗuwa a kan yashi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin in haihu. Na sunkuya ina gyara wa jariri hula don kada a ga idona.

A cikin makon ne aka yi yayyafin farko. Da hantsi ya sauko, bai daɗe ba ya ɗauke, amma ya bar ƙamshin ƙasa a duk unguwar. Mai gidan da muke haya, wata tsohuwa 'yar ƙasar da kowa yake ce wa Maman, ta leƙo ta ce wannan shi ne ruwan mangwaro, babban yana tafe. Inna ta kasa gane yadda za a ce damina tana farawa a lokacin da ta san tana ƙarewa. Duk da haka ba ta tsaya gardama da sama ba. Ta shiga ɗaki ta kwance wani ƙulli daga cikin kayan kuka da daddawar da ta zo da su, sai ga irin kuɓewa da na yakuwa.

Ba mu da fili, tsakar gidan duk siminti ne. Ta sa yaran suka tattaro tsofaffin bokitan fenti da wata fasasshiyar roba ta wanki, suka bi ta bayan gida suna ɗebo baƙar ƙasa da murfin tukunya. Maman ta fito da kujerarta ta zauna tana kallo. Da ta ga irin yakuwa sai ta tafa hannu ta hau magana da sauri. Mamana ce tafinta.

"Ta ce su ma suna ci. Da kifi suke dafawa."

"Ce mata mu da gyaɗa muke yi, ko a fate."

Yarinyar ta buɗe baki ta rufe, don ba ta san yadda za ta ce fate da Faransanci ba. Ta juyo wurina, ni ma ban sani ba. Sai Inna ta ɗauki kwano ta kwaikwayi damawa da sha da cokali, Maman ta gyaɗa kai tana dariya kamar ta gane sarai. Daga ranar suka zama ƙawaye. Sukan zauna da yamma a inuwa, wannan tana Hausa, waccan tana yarenta, ba mai jin ta wani, kuma hirar ba ta yankewa.

Kowane yaro an ba shi bokitinsa. Namijin kullum da safe sai ya sa yatsa ya tono irinsa ya ga ko ya fito. Inna ta kama shi a rana ta uku.

"Ango, ba a leƙen shuka. Kunya take ji. In kana kallonta ba za ta fito ba."

Ta sake binne masa wani. Daga nan sai ya riƙa wucewa ta gaban bokitin da hannu a kan ido.

Safiya kuma ta zama tasu su uku. Inna takan yafa mayafi ta riƙe hannayensu su gangara sayen burodi, ta cikin lungunan unguwar masu hawa da sauka, ta kan gadojin katako da aka ɗora bisa kwata. A hanya ta gano wani mai shago ɗan Maraɗi da wata mai ƙosai 'yar Garwa, kuma kowannensu sai ta tsaya sun gaisa tun daga gajiya har zuwa mutanen gida. Burodin da ake sayowa cikin ɗan lokaci ya koma sai rana ta ɗaga. Ni kuwa nakan sami barcin da na daɗe ban yi ba.

Fita mafi nisa da muka yi ita ce ta Cap Estérias, wani ƙauyen bakin teku, a farkon Oktoba. Wani aminin maigidana, mutumin Arewacin Kamaru mai sayar da atamfa, yana zaune a unguwar Angondjé kuma yana da mota mai faɗi. Shi da matarsa suka ce lallai sai sun kai Inna ta ga daji. Na yi dafa-duka da soyayyar kaza, matarsa ta haɗo zoɓo a manyan gorina. Muka wuce sababbin gidajen yankin Akanda masu dogayen katangu, gine-gine suka yi ta raguwa, sai ga mu a tsakiyar bishiyoyi, hagu da dama.

Aka tsaya a gefen hanya muka ɗan taka ciki. Wurin da sanyi da duhu-duhu, ƙasa a lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye. Inna ta tsaya a gindin wata bishiya ta ɗaga kai tana neman ƙarshenta, ta yi ta ɗagawa har mayafinta ya zame ya faɗi. Yaran suka miƙe hannuwa suna son zagaye gindin, ko rabi ba su kai ba. A jikin ɓawon akwai wani farin ƙaro da ya daskare. Mai motar ya ɓantaro ya ba ta ya ce ta sansana, mutanen nan suna kunna shi ya ba da haske, kuma yana korar sauro. Ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Wannan ai turaren wuta ne Allah ya ajiye a daji."

Ta sa yaran suka ɓantaro mata wanda hannunsu ya kai, ta ƙulle a bakin mayafi.

A Cap mun tarar ruwa ya janye, ya bar duwatsu a fili da 'yan ƙananan kududdufai a tsakaninsu. Kwale-kwalen masunta suna kife a kan yashi. Yaran suka bi ƙananan ƙaguwa suna kora, su kuma suna shigewa rami kafin a kai gare su. Inna ta ce ba ta taɓa ganin halittar da take tafiya a karkace kuma ta riga kowa isa ba. Muka shimfiɗa tabarma muka ci abinci. Maza suna maganar kasuwa, ni da matar muna maganar yaye da rigakafi, jariri yana barci a tsakaninmu.

Inna ce ta fara ganin hadarin. Ta nuna da haɓa ta ce, "Wannan kam ba na ƙarya ba ne. Ku naɗe tabarma." Kafin mu gama tattara kwanuka iska ta taso, gari ya yi baƙi. Motar tana da ɗan nisa, sai muka ruga wata rumfar kwano inda wata mata take gasa kifi. Ta matsar da bencinta ta yi mana wuri, ba ta ko tambaye mu daga ina ba. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwanon ta hana mu jin juna, tekun ma ya ɓace a cikin farin ruwa.

Sai aka yi wata tsawa mai ƙarfi. Jariri ya tsandara kuka, na juya ina neman namijin don na san yadda yake tsoron tsawa. Ban gan shi a gefena ba. Yana jikin Inna, ya cusa kansa cikin mayafinta, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ta rungume shi tana ɗan jijjigawa, ta ja Mamana ta zaunar a ɗaya gefen. Da ƙarar ta ɗan lafa na ji abin da take gaya musu. Labarin kaka take ba su, lokacin da take kamar Takwara. Yadda ake tura su gona da sassafe korar tsuntsaye daga kan gero, da gwangwani da tsakuwa a ciki. Yadda suke tara karmami su cinna wuta su babbaka sabuwar gyaɗa, su tono ta daga toka tana ƙona musu yatsu, su koma gida baki duk baƙi, a tambaye su ko sun ci gyaɗar mutane su ce a'a.

"Ba a dake ku ba?" in ji Mamana.

"An dake mu mana. Gobe mu koma."

Daga cikin mayafi aka ce, "Gyaɗa da zafi?"

"Da zafi, Ango. Sai kana hurawa."

Mai kifin ta ɗora mana manya guda biyu a faranti da barkono da maniyok, wato rogon da suke naɗewa a ganye. Inna ta sansana rogon ta ajiye cikin ladabi, amma kifin ta ci sosai, tana zare ƙaya tana sa wa yaron a baki. Kafin ruwan ya tsagaita ya yi barci. Maigidana ya miƙa hannu zai ɗauke shi, ta ce a'a. Ta karɓi zanen goyona na biyu, ta sunkuya, aka ɗora mata shi, ta ɗaure. Na ce, "Inna, bayanki fa." Ta ce bayan da ya goye ni da ƙannena ba wannan ɗan tsakon ne zai karya shi ba. Haka ta taka cikin taɓo har mota, takalmanta a hannu.

Mako guda bayan nan aka buɗe makarantu. Mamana ta shiga ajin farko na firamare, shi kuma aka sa shi a ajin ƙanana da ke cikin harabar ɗaya. Ita ta shige da sabuwar jakarta ko waiwaye babu. Shi kuwa da ya ga ƙofa ya ƙanƙame ƙafar Inna ya fasa kuka. Malamar ta zo tana lallashi, ya ƙi. Inna ta tsuguna ta nuna masa wata bishiyar mangwaro da ke tsallaken hanya, wadda ake hangowa ta tagar ajin.

"Ka ga can? Nan zan zauna. In ka leƙo za ka gan ni."

Na ɗauka lallashi ne kawai. Na ce mu tafi, in ya daina ganinmu zai haƙura. Ta ce ita ba ta yi wa yaro ƙarya. Na koma gida da jariri ni kaɗai. Da na dawo ɗaukarsu da rana na same ta a gindin bishiyar a kan wani bulo, tana jan carbi, kusa da wata mai sayar da lemo da ta ba ta aron laima. Malamar ta ce ya leƙa ta taga ya fi a ƙirga da safe, daga baya ya manta ya shiga wasa. Kwana biyu Inna ta ƙara yin haka, a na gaba shi da kansa ya ce ta koma gida.

Ta tafi a tsakiyar watan. Ta ce kada a gaya wa yaron, kuma kada a fasa kai shi makaranta. Ita ta yi masa wanka da safen, ta shafa masa mai, ta raka su har ƙofar makaranta, sannan ta dawo ta yi sallama da Maman, suka riƙe hannun juna suna ta magana kowacce da harshenta. Maigidana ya kai ta filin jirgi.

Da yaran suka dawo, Mamana ta ga babu jakar Inna a bayan ƙofa, ta gane, ta shige ɗaki ta kwanta. Shi kuwa ya duba banɗaki, ya zagaya bayan gida, ya leƙa ɗakin Maman, sannan ya dawo ya tsaya a gabana.

"Ina Inna?"

"Ta tafi gida."

"Nan ne gida."

"Ɗaya gidan. Inda gonarta take."

Ya tambaya ko da taksi ake zuwa, na ce da jirgin sama. Ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya daɗe, ba abin da ke sama sai hadari. Da aka fara yayyafi na kira shi ya shigo, na zuba masa shinkafa da wake, ya zauna a bakin ƙofa ya cinye tas.

Washegari da yamma ƙanena ya kira ya ce ta isa lafiya. Ya ce ko hutawa ba ta yi ba, da gari ya waye ta tafi gona, ta dawo tana faɗa wai sun bar mata gyaɗa da yawa a cikin ƙasa.